Jar Kujerar Kadilak ɗin Baba

Har yau in na ji ƙamshin tsohuwar fata, sai in tuna jar kujerar Kadilak ɗin Baba, mai faɗi kamar gado. Tsohuwa ya sayi motar, amma kullum sai ya goge kujerar.

Ina 'yar shekara tara, muna hanyar garin Bowie da la'asar, ɗan sanda ya tsayar da mu. Shekararmu guda da zuwa ƙasar Turawa daga Maraɗi. Baba ya gyara hula, ya kama ƙofa.

Na ce, "Baba, kar ka fita. An faɗa mana a makaranta, nan ba a fita."

Ya ce, "Ke, ba a gaida hukuma daga zaune."

Yana buɗewa ɗan sandan ya daka tsawa, hannunsa a kan bindiga. Na ƙanƙame rigar Baba da hannu ɗaya, ɗayan kuma na kafa faratansa a kujera. Ya koma ya zauna, ya ɗora hannuwansa a kan sitiyari.

Ashe fitilarmu ta baya ce ta mutu.

Ina kewar motar nan, ina kuma jin tsoronta. Baba ya yi shekaru yana goge kujerar, bai taɓa tambayar wa ya bar mata sawun farce huɗu ba.