Jan Ɗigo

Da harbi ya ɓarke a Mubi, hannun 'yarsa ya suɓuce daga nasa a bakin mayo, wato kogi. Jama'a suka rabu gida biyu, wasu suka yi hanyar Sorau, wasu suka nufi duwatsu, shi kuwa turereniya ta tafi da shi inda bai zaɓa ba.

Malamin lissafi ne. Shekaru ya kwashe yana koya wa kwamfuta yadda ruwa mai garin ƙarfe ke gudu idan maganaɗisu ya ja shi. Yarinyar ce ma ta sa ya mai da ɗigo ɗaya na ruwan da ke allon kwamfutar ja.

"Baba, wannan ni ce. Ka dinga kallo, kar in ɓata."

Kwamfutar ce kaɗai ta iso Yola tare da shi. A ɗakin ƙanwarsa ya kunna ta. Ruwan ya rabu biyu, jan ɗigon ya bi hagu.

"Yaya, ci abinci mana. Abin nan zai faɗa maka inda take ne?"

Ya danna maɓallin komawa baya. Ruwan ya haɗe, jan ɗigon ya dawo mazauninsa.

Ya waiga ya dubi ƙofa. Sannan ya sake dannawa.