Gas ɗin Injiniya Kailani

Kailani ya zura doguwar waya cikin tsohuwar rijiyar burtsatsen gidansa, kamu bayan kamu, har na'urar sauraron da ke ɗaure a bakinta ta taɓa ƙasa. Sannan ya ɗaga guduma ya maka wa farantin ƙarfen da ya shimfiɗa a tsakar gida. Layin da ke kan kwamfutarsa ya yi tsalle, ya ci gaba da rawa ba ƙaƙƙautawa.

Shekara goma sha takwas ya yi a wani kamfanin haƙar gas a Kudu, yana ja wa masana waya. Haka ya ga suna yi: su saurari cikin ƙasa ta rami, su gano inda gas ya kwanta kafin a kafa rijiya. Da aka sallame shi, ya dawo Tudun Wada da na'ura ɗaya, da hular kwano, da sunan Injiniya wanda shi ya raɗa wa kansa.

Gidan kuwa matarsa Ishatu ke riƙe da shi, da injin markaɗenta da ke shagon bayan katanga. Kailani bai taɓa leƙa shagon ba. A ganinsa mai ilimin ƙarƙashin ƙasa ya wuce harkar wake da tattasai.

Wata huɗu yana awo. Ya lura layin ya fi rawa da safe. Da azumi ya kama, rawar ta koma bayan azahar, kamar za ta tsaga allon. Ranar Sallah layin ya kwanta shiru. Kailani ya bayyana wa majalisar ƙofar gida cewa gas ma yana da lokutan numfashi. Kowa ya gyaɗa kai, don ba mai son a ce bai gane ba.

Alhaji Yusha'u, mai motar haƙa a Kwangila, ya yarda zai zo ya gani da idonsa ya haƙa, amma sai an biya kuɗin mai tukuna. Kailani ba shi da ko sisi, sai idonsa ya faɗa kan injin. Ishatu ta yi kuka, ta haɗa shi da girman Allah, ta ce injin nan shi ne tuwon yaransu. Ya ce nan da shekara za ta manta da warin albasa. Ranar Laraba da yamma ya sayar wa wani mutumin Gyallesu injin, aka kwance shi aka ɗora a bayan a-kori-kura.

Alhamis da safe tsakar gida ta cika maƙil. Kailani ya kifa hular kwano, ya zura waya, ya maka guduma. Layin ya yi tsalle sau ɗaya ya miƙe sambal. Ya sake makawa. Ya canza batir. Gumi ya jiƙa masa riga, Alhaji Yusha'u kuma ya fara duban agogo.

"Wallahi jiya da safe yana nan," in ji Kailani. "Gas ba ya tashi haka kawai."

Ishatu na zaune a bakin ƙofar ɗakinta, hannu a kan cinya, karo na farko cikin shekara tara ba ta da sana'ar yi.

"Ya tashi, Injiniya," ta ce. "Da hannunka ka taya su ɗora shi a mota. Yanzu haka yana Gyallesu yana markaɗa wa mutane wake."