Mutumin da Aka Rataye Saboda Bayi

Masu goge da masu busa suka sassauta, muryar mai ba da labari ta cika wani zauren wasanni a birnin Washington. Wani likita ya kawo mahaifiyarsa kallo, yana fassara mata a kunne: wani Bature ne ya ɗauki makami don 'yantar da bayi, ya kashe mutane, aka rataye shi.

"Mahaukaci ne kawai, Inna."

Tsohuwar ta damƙe hannunsa.

"Kul! Ina shekara bakwai aka sace ni a bakin rafi, kakanka ya saye ni. Kullum addu'ata Allah ya aiko min irin Baturen nan."

Shekara arba'in likitan yana ɗanta, bai taɓa tambayarta sunan garinsu ba.