Ranar da Selwyn Ya Tsaya wa Tanti Merle

Kowace Asabar da yamma Selwyn Alleyne yakan zauna a barandarsa a garin Couva, yana jin shewar 'yan wasan kurket, ƙwallon da ake bugawa da katako, daga filin da ke bayan tsohuwar masana'antar sukari. An hana shi taka filin. Alhali da addarsa aka share wurin tun yana saurayi, lokacin da ma'aikatan rake suka kafa kulob ɗinsu.

A wancan zamani, in an tashi daga wasa sai a baje a gindin mangwaro ana karta ana tsokanar juna. Tanti Merle ta sauke tukunyar pelau, shinkafa da wake da kaza, wanda ya yi nasara da wanda ya sha kashi kowa ya miƙo kwano. Mijinta Hollis ɗan kulob ne, kuma aminin Selwyn.

Da Hollis ya rasu, gida ya yi wa Tanti Merle faɗi. Ta zo taron kulob ta roƙi a ba ta gurbin mijinta.

"Tanti, tukunyarki muna maraba da ita," in ji shugaba, Mista Gittens. "Amma kujera ta maza ce, haka muka gada."

Selwyn ya miƙe. "Gittens, rabin tumbin nan naka girkinta ne. Cin abincinta bai karya al'ada ba, sai zamanta?"

Kowa ya yi dariya, ban da Gittens.

Tanti Merle ta kai kuka ga hukumar da ke sauraron koke-koken wariya, Selwyn ya tsaya mata shaida. Ba a jima ba aka kore shi daga kulob, wai ya fitar da maganar gida waje. Shi ma ya shigar da nasa koken, cewa an hukunta shi ne don ya ba da shaida.

Jami'ar da ta saurare shi ta yi masa magana a hankali. "Mista Alleyne, da a wurin aiki aka yi maka haka, da mun kama su. Amma wannan ƙungiyar sa-kai ce, ita ke zaɓen 'ya'yanta. Hannunmu bai kai can ba, ko a kokenka ko a na Tanti Merle."

"To ina zan kai kukana, 'yata?"

Ta sunkuyar da kai.

Abin da ya fi cin ransa shirun abokai ne. Ya haɗu da Boysie, abokin kartarsa, a kasuwa.

"Sel, ka san a zuci ina tare da kai."

"A zuci ake raba karta, Boysie?"

Matar Selwyn ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa suna ƙasar waje, a Toronto. Da can, in ɗan kulob ya yi fashin fitowa, kafin rana ta faɗi an ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a kicin, babu wanda ya leƙo. Sai washegari Tanti Merle ta kawo masa miya ta tarar da shi a ƙasa. Likita ya ce da an kawo shi da wuri, da ɓarin jikinsa bai shanye ba. Bakinsa ma bai sake buɗuwa ba.

Bayan an sallamo shi, Gittens ya zo da mutanensa ɗauke da kwandon lemu.

"Sel, mun zauna mun yi shawara. Mun mayar da kai kulob, har da girmamawa."

Selwyn ya daɗe yana kallonsu, hawaye na bin kumatunsa. Tanti Merle ta gyara masa matashi.

"Lokacin da yake da baki kun kore shi," ta ce. "Yanzu da ba zai iya tanka muku ba kuka zo. Ku ajiye lemun, ƙofa na nan inda kuka shigo."

Jama'a, ba duk abin da doka ta ƙyale ba ne daidai. In an kori mutum don ya tsaya wa wanda aka ware, masu shiru ma da hannunsu a korar.