Raƙumin Ƙarfe Bai Dawo Ba

Tun da aka kafa dokar hana fim sa yaro kuka, allon bangon kowane gida ya koyi sauraron numfashin mai kallo. Da ya ji murya ta fara rawa, sai ya sauya ƙarshen labarin. Shi ya sa duk lokacin da Ladidi ta kalli tsohon fim ɗin raƙumin ƙarfe, raƙumin yakan dawo gida lafiya tare da iyalin da ya raka duniyar wata.

Kakanta, Malam Tanimu, a cinyar mahaifiyarsa ya fara kallon fim ɗin, ya kuma san ba haka aka yi ba. Ranar Juma'a bayan la'asar ya jawo tsohuwar talabijin da faifanta daga ƙarƙashin gado, ya lulluɓe allon bangon da bargo.

"Tsoho, sanyi yake ji ne?" in ji Ladidi.

"Gulma gare shi, amaryata. Zauna."

Suka kalla suna ɓare gyaɗa. A ƙarshe jirgin komawa ya yi nauyi, raƙumin ya sauka da kansa, ya durƙusa a rairayin wata yana kallonsu suna tashi. Ladidi ta daina tauna. Sai hawaye.

Daga ƙarƙashin bargon wata murya mai taushi ta ce, "Na ji kamar kuka. In gyara?"

Malam Tanimu ya dubi Ladidi. In ta amsa cewa kuka ne, gobe ma'aikata za su zo su ɗauke talabijin ɗin.

Ladidi ta share hanci da bakin mayafinta. "Mura ce," ta ce wa bangon. Sannan ta matso jikin kakanta, ta yi ƙasa da murya. "Tsoho, mayar da shi farko."