Haruffan Bakin Mayafi

Duk kaka, da Hauwa'u ta sayar da shinkafarta, sai ta yafa shuɗin mayafinta ta hau mota daga Bakura zuwa bankin Talata Mafara. Ba ta san bihim ba a boko, don haka ta ɗinke haruffa takwas da jan zare a bakin mayafin, da jerin lambobi a ƙasansu. Ta miƙa wa ma'aikaci gefen mayafi, ya kwafa, ta zube kuɗi ta fito.

Jatau ya taɓa ganin haka da idonsa. Shi ne mai buɗe ƙofar ruwa a layin gonakinsu, mutum mai tafiya kamar da hannunsa ya gina dam ɗin Bakolori. Da ya bincika, aka ce masa haruffan alamar banki ce ta ƙasar waje, kowane banki a duniya da tasa, da ita kuɗi ke gane hanya.

Ƙasar waje! Jatau ya tofar da yawu. Wa tsohuwar nan ta sani a waje, in ba Baturen da ta yi wa girki lokacin aikin dam ba? Tsufa ya zo, kunya ba ta zo ba. Ba don ta shayar da ɗansa Sanusi ba shekarar da uwarsa ta rasu, da ko gaisuwarta ba zai amsa ba.

Sanusi kuwa shi ne taken Jatau a kowace majalisa. Yana Misira yana karatu, saura shekara guda ya gama, kuma a cewar uban, Larabawa ne ke biya masa saboda tsabar ƙwaƙwalwa. Gonar Hauwa'u na maƙwabtaka da tasa, ya daɗe yana auna ta da ido don ranar da yaron zai dawo.

Da noman rani ya kankama, sai Jatau ya riƙa tsallake ranar ruwan Hauwa'u. Ta zo ta durƙusa ta gaishe shi har da tambayar iyali.

"Malam Jatau, shinkafa na ƙonewa. Akwai wanda ka jiran ta."

"Shi aiko miki da ruwa daga Turai," in ji shi, 'yan majalisa suka kwashe da dariya.

Shinkafa ta bushe a tsaye. Hauwa'u ta ba shi jinginar gonar a wulaƙance, ta koma wurin 'yar'uwarta a Maradun. Jatau ya yi tuwon murna.

Bayan kaka Sanusi ya bugo waya. Kuɗin bana bai shigo ba, makaranta ta ce ko a biya ko ya tattara littattafansa kafin jarrabawar ƙarshe. Jatau ya zagi Larabawa da rashin alkawari, ya sayar da bijiminsa, ya garzaya bankin Mafara da haruffa da lambobin da yaron ya turo a waya.

Ma'aikacin ya dubi haruffan, ko biro bai ɗauka ba.

"Ai waɗanga na hardace su, Baba. Ina tsohuwa mai shuɗin mayafi? Duk shekara ita ka biya ma ɗanta Sanusi, bana dai shiru munka ji."