Allon da Ba Ya Yanke Wuta

Warin ne ya fara sanar da Mai-gyara. Wani wari mai zaƙi-zaƙi, kamar na roba a bakin murhu. Ya ajiye sukundireba, ya dubi ɗan ma'aunin zafin da ya manna wa batirin. Sittin da biyu. Ɗazun nan arba'in ne.

Ya zare wayar caji, ya kashe makunni, ya ƙura wa ma'aunin ido. Sittin da biyar.

Wata huɗu ya yi yana haɗa batirin nan a shagonsa, daga ƙananan batura ɗari biyu da arba'in da ya ɓamɓaro a tsofaffin kwamfutoci. Wutar da ke cikinsa ta isa ta kashe ƙato nan take. Abu ɗaya ya rage masa a makon jiya: zaɓen allon lantarkin da zai yi gadinsa, wanda ke daidaita caji ya kuma yanke wuta idan zafi ya yi yawa.

Ƙanwarsa Auta, wadda ta karanci lantarki, ita ta kawo masa alluna biyu. Ɗaya mai tsantseni ne, ko ɗumi ya ji sai ya yanke. Ɗayan kuwa sai abu ya kai maƙura, kuma ana iya ƙara masa haƙuri da hannu. Ta ce ya ɗauki na farko. Ya ce to, irin "to" ɗin nan nasa da kowa a gidan ya san a'a ce.

Ba taurin kai kaɗai ba ne, ko da yake Allah ya ba shi rabonsa a nan. Bara, allo mai tsantseni ya yanke masa wuta a tsakiyar babban titi, tifa ta danno tana hon, shi kuwa ko motsi ya kasa. Sai da masu wucewa suka janye shi gefe. Tun ranar yake mafarkin tayar motar nan. Saboda haka ya ɗauki na biyu, ya kuma cire masa wayar jin zafi gaba ɗaya, don kada a sake.

Saba'in da ɗaya. Wani abu ya yi ƙara a cikin akwatin batirin, tas, kamar an karya tsinke.

Ya ƙwala wa tela maƙwabcinsa kira. Shiru, kowa ya tafi cin abincin rana. Bokitin yashin da Mai-gyara ya yi ta cewa zai tanada yana nan a bakinsa kawai. Ya lalubo wayarsa, sau biyu yana kuskuren lambar.

"Auta, ya ɗauki zafi. Saba'in da biyar, kuma ƙaruwa yake."

"Allon bai yanke ba?"

"Na saka ɗayan. Na cire masa waya."

Ya ji ta ja numfashi. Bai taɓa jin tsoro a muryar yarinyar nan ba sai yau, kuma wannan ya fi warin tayar masa da hankali.

"Yaya, saurare ni. Yanzu ba mai tsayar da shi. In ɗaya daga ƙananan baturan ya kama, sauran za su bi. Kar ka taɓa shi, kar ka zuba ruwa. Bar shi a kan teburin ka fita, shagon ya ƙone in zai ƙone."

Siririn farin hayaƙi ya taso ya shiga idonsa.

"Ba a kan tebur yake ba," ya ce.

"Ka riga ka ɗaura shi?"

Salatinta kawai ya ji, da ƙarar takalminta tana gudu, daga unguwar da ko da mota sai an yi rabin sa'a.

Ya dubi ƙofa. Taku shida ne, in ji masu takawa. Ya dubi ƙasa, ya ga bakin wandonsa ya fara baƙi, bai kuma ji komai ba. Sai ya yar da wayar, ya kwance bel ɗin ƙugunsa, ya kifo da kansa daga keken guragun da batirin ke ɗaure a ƙarƙashinsa, ya fara jan ƙafafunsa da gwiwar hannu.